Kwamfutar da Ke Mutuwa a Ɗakin Lopeti

Logan, Ostireliya
9 ga Janairu

Ƙanwata Lesieli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da Mama Seini da Gwaggo Melenaite da duk mutanen Neiafu. Mu nan lafiya lau, sai zafi da aikin mayanka da ke cin bayana. 'Yar autarmu ta fara haƙori, duk wanda ya miƙa mata yatsa sai ya yi da-na-sani.

Wannan takarda tana saman akwati, ki karanta ta kafin a buɗe sauran. Kwamfuta ce ta wasa, ta Lopeti. Ba a kanti na saye ta ba, da hannuna na haɗa ta, guntu-guntu, wata huɗu ina kanta. Ba yabon kai ba, ko yaran da ke aiki a shagon da na sayi kayanta sai da suka riƙe baki.

Kin san dalili. Ni na kawo ƙaninki ƙasar nan ya buga zari-ruga, ina tsaye a bakin fili ranar da ya faɗi bai tashi ba. Tun da likitoci suka ce ƙafafun ba za su dawo ba, aka mayar muku da shi a keken guragu, bai ɗaga wayata ba ko sau ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Amma abokan wasansa na nan suna yin tseren mota ta intanet duk Asabar da yamma, tseren awa guda, kuma har yau sun bar masa gurbinsa. Wannan wasa hannu yake so, hannuwansa kuwa lafiyarsu ƙalau. Ina so ya sake jin ana kiran sunansa ana tsokanarsa.

Ki sa Taniela, mai kula da lasifikar coci, ya jona wayoyin. Abu ɗaya nake roƙo, ku kiyaye min ita daga iskar teku. Gishiri yana cin cikin irin waɗannan abubuwa kamar gara, kada a bar ta a sake.

Yayanki,
Semisi

Neiafu, Vava'u
23 ga Janairu

Yaya Semisi,

Mun gode Allah, duk muna lafiya, sai gwiwar Mama da ke tashi in hadari ya haɗu. Ka gaida matarka da mai sabon haƙori.

Akwati ya iso ranar Laraba. Na karanta takardarka a gaban kowa, har da Gwaggo. Ka san ta, ba ta kuka a gaban 'ya'yan ƙannenta, amma ranar sai da ta juya baya. Ta ce kyauta irin wannan ba a karɓarta da godiyar baki kawai. Ranar Juma'a ta dawo ta yi abin da ya kamata.

Taniela ya jona komai tun ranar Alhamis. Yaya, ina kicin ina fere doya na ji dariyar Lopeti. Wuƙar ta kusa yanka ni. Wata bakwai ban ji wannan sautin ba. Awa biyu ya yi yana gwada motocin shi kaɗai, ya cinye abincinsa tas.

Sai ranar Asabar. Abokansa sun shigo, ina jin muryoyinsu ta taga suna ihun sunansa. Aka fara tsere. Minti ashirin, sai gidan ya yi tsit. Mama ta ce allon ne ya yi baƙi, ɗif, kamar an ɗauke wuta, alhali fitilar ɗakin tana ci. Ya sake kunnawa, ta yi minti goma ta sake mutuwa. Karo na uku ko biyar ba ta kai ba.

Duk wannan daga bakin Mama nake ba ka. Ka san al'adarmu, mace ba ta shiga ɗakin ɗan'uwanta namiji. Tun yana ɗan shekara goma ban taka wannan ƙofa ba, kuma ciwo bai hana shi zama ɗan'uwana namiji ba. Daga waje na tambaye shi abin da zan rubuta maka, ya ce in ce ya gode.

Me za mu yi?

Lesieli

Logan
25 ga Janairu

Lesieli,

Lafiya muke. Saƙonki ya same ni a wurin aiki, na karanta sau uku a tsaye da rigar mayanka a jikina. Kaina ya ɗaure. Kwana uku na bar na'urar nan tana gudu a falona ba tsayawa, ko tari ba ta yi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ina zargin girgizar jirgi ta sassauta wani abu. Ki gaya wa Taniela ya buɗe ta, ya zare dogayen sanduna biyun nan na ƙwaƙwalwarta ya mayar har sai ya ji sun yi ƙas. Ya danna babban katin hoto shi ma. Ya duba ko duk fankokin suna juyawa, guda biyar ne. Ya ɗauko min hoton cikinta. Na ba wata mata 'yar cocinmu sababbin sanduna da sabon akwatin raba wuta, za ta sauka Vava'u ranar Talata.

Ki ce wa Lopeti yaran sun ce da minti ashirin ɗin nan ma shi ne na uku. Kada ya karaya, ƙaramin abu ne.

Semisi

Neiafu
10 ga Fabrairu

Yaya Semisi,

Muna gaisuwa. Mu mata lafiyarmu lau. Shi kuwa ban san yadda zan ce maka ba.

Kaya sun iso. Taniela ya ce ɗakin ya yi masa duhu, don haka Mama ta fito masa da ita baranda, ya ɗauke ta zuwa shagonsa. Ya sa sababbin sanduna, fanka biyar duk suna juyawa, ga hoto nan ka gani. Awa huɗu ya yi yana tuƙa mota a kanta, har matarsa ta zo ta yi masa faɗa. Ko gezau ba ta yi ba. Aka mayar da ita ɗakin Lopeti, ranar Asabar ta mutu a minti na goma sha tara.

Ya sake ɗauka, ya canza akwatin wutar. A shago, yini guda lafiya. A ɗakin Lopeti, minti ashirin da biyu.

Yanzu magana ta fara yawo. Matan coci suna cewa ba gyara ɗakin yake so ba, addu'a yake so. Taniela ya fara zuwa da kansa a sunkuye kamar shi ya yi laifi. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Jiya Mama ta ce masa za a sake gwadawa, sai ya ce, "Ku bar ta, Mama. Ta san inda take." Ya daina motsa jikin da likita ya koya masa. Kifin da na dafa masa da madarar kwakwa, wanda da yake faɗa da ni a kansa, haka aka fito da shi ba a taɓa ba.

Gara da ba ka aiko ta ba, Allah ya gafarta min. Da yana zaune ne kawai. Yanzu an nuna masa ƙofa an rufe.

Lesieli

Logan
11 ga Fabrairu

Lesieli,

Ina gaisuwa, ina sauri ne, za mu shiga aiki. Na duba hoton, cikinta tsaf. In tana aiki a wurin Taniela tana mutuwa a wurinku, to magana ta ƙare. Laifin ba na kwamfuta ba ne. Matsalar tana cikin gidanku, a cikin ɗakin nan take. Ku bincika da kyau.

Semisi

Neiafu
4 ga Maris

Yaya Semisi,

Na ga saƙonninka guda shida. Da gangan na ƙi amsawa, don abin da zan rubuta a lokacin bai dace ƙanwa ta rubuta wa yayanta ba.

Matsalar tana cikin ɗakin, ka ce. Mun sani. Mu muke ɗaga ta muna kwantar da ita, Mama ce ke yi mata wanka. Ba sai an aiko mana daga Ostireliya an tuna mana ba. Ban karanta wa kowa wannan layin ba.

Tunda ka nace sai ka ji labari, ga shi. Asabar uku bai kunna ta ba. Ya ba ɗan Taniela rigarsa ta kulob, wadda ko wanki ba ya bari a yi mata sai a gabansa. Ya sa Mama ta juya masa gado ya fuskanci bango. Ranar Lahadi bayan coci ya ce a kira masa Fasto, suka daɗe, da Fasto ya fito bai iya kallon idona ba. Jiya kuma ya tambayi Mama waɗanne waƙoƙi aka rera ranar jana'izar Baba.

Shekararsa ashirin da huɗu, Yaya. Likita ya ce ban da ƙafafu babu abin da ke damunsa. Ina zaune a bayan ƙofa ina jin ƙanena yana shirin tafiya, ni kuwa ko fuskarsa ba na gani sai an turo shi waje. Tsoro nake ji.

Lesieli

Logan
4 ga Maris

Ƙanwata,

Na karanta saƙonki. Ni zan kira Lopeti matsala? Ni da na riƙe kansa a cikin motar asibiti? Allah ya sani wayar wuta nake nufi, ko soket, ko inda aka ajiye ta. Bakina ne ya fi hankalina sauri, kin san halina tun muna yara. Ki yafe min.

Yanzu ki saurare ni. Na ga cikin na'urar nan, amma ban taɓa ganin inda take zaune ba. Taniela ma, in na fahimce ki, a baranda ake miƙa masa ita tun bayan ranar farko. Ke ba ki shiga ba. Mama Seini kuwa, da girmanta, kwamfuta da rediyo duk ɗaya ne a wurinta. To wa ya gan ta a ɗakin, a cikin waɗanda za su gane? Shi kaɗai, shi kuma ya yi shiru.

Ina son hoton wurin, da bango da soket da komai. Na san abin da nake roƙonki. Ni ma a gidan nan aka rene ni, ban taɓa zama a ɗaki ɗaya da ke ba. Amma ki shiga. In Gwaggo ta ji, ki ce ni na sa ki, in ya so ta tsine min daga nan har Logan.

Semisi

Neiafu
6 ga Maris

Yaya,

Babu doguwar gaisuwa yau. Na shiga.

Na jira Mama ta tafi kasuwa. Na ƙwanƙwasa, na ce, "Lopeti, ni ce, zan shigo." Ya ce, "Kin haukace ne?" Na ce eh. Na ji yana jan mayafi yana rufe jikinsa, na shiga kaina a ƙasa.

Ban ga kwamfuta ba, Yaya. Allon yana kan tebur, amma inda ya kamata akwatin ya kasance sai na ga ngatu, zanen gargajiyarmu na ɓawon itace. An naɗe ta da shi ninki huɗu, sama da ƙasa da baya, an ɗaure da igiyar kwakwa, wayoyi kawai ke leƙowa. Kuma ba kowane zanen ɓawon itace ba ne. Babban nan ne mai zanen tsuntsaye baƙaƙe, wanda Gwaggo da ƙawayenta suka yi wata uku suna bugawa shekarar da Baba ya rasu. Wanda take ajiyewa a ƙarƙashin katifarta. Duk Neiafu an san da shi za a naɗe ta in ta mutu.

Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Kin gane shi, ko?"

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun Juma'ar farko. Da kanta ta naɗe. In Taniela ya zo, Mama ta kwance ta ninke, don baƙo ba ya taɓa shi. In ya tafi ta mayar."

Na ce masa ya kunna. Muka zauna ba mai kallon wani. Kafin minti goma sha biyar na sa hannu a kan zanen, zafi kamar murfin tukunya. Na ce, "Lopeti, ai shaƙewa take yi." Ya ce, "Na sani. Ba jaki ba ne ni, na zauna a Logan." Na ce to me ya hana ka faɗa? Sai ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi min ba.

"In gaya wa wa? Mama ta cire abin da yayar mijinta ta ɗora? Ko ni in ce wa Gwaggo ta kwashe kayanta? Kuma ki duba abin da ta zaɓa. Tana da guda nawa a gidanta, amma likkafani ta kawo ɗakina ta ajiye inda zan buɗe ido in gani. Manya ba sa faɗar magana da baki, Lesieli. Ta ga na zame wa Mama nauyi, ta gaya min a hanyar da ta fi sauƙi. Kullum ina kallon abin nan yana mutuwa a cikinsa."

Ga hoton nan. Ban taɓa zanen ba sai da tafin hannu, ban kwance ba.

Lesieli

Logan
6 ga Maris

Lesieli,

Na buɗe hoton a wurin cin abinci, na tashi na fita waje na zauna a bakin kwata. Wata biyu ina zargin jirgi da waya da Taniela, ashe ni ne. "Kada a bar ta a sake." Ni na rubuta, kuma na san a gaban Gwaggo za a karanta. Fanka biyar na sa mata don ta sha iska, ban iya ƙara layi ɗaya na ce a bar mata hanyar iskar ba. In ta yi zafi kashe kanta take yi don kada ta ƙone, shi ke nan duk ciwon.

Ban yarda Gwaggo ta nufi abin da yake tsammani ba. Amma daga bakinta kawai zai yarda. Na ɗauki waya sau uku in kira ta na ajiye. Irin wannan magana ba a yi wa Gwaggo ita ta waya, a ƙasa ake zama a faɗa. Na sake ɗora miki kaya, ƙanwata.

Semisi

Neiafu
15 ga Maris

Yaya Semisi,

Gaisuwa mai yawa. Mama lafiya, gwiwar ta yi sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta.

Ranar Litinin na ɗaura tabarmar kugu ta girmamawa kamar mai zuwa gaban Fasto, na ɗauki doya biyu da kifi, na tafi gidan Gwaggo. Na zauna a bakin ƙofa. Na fara da laifina, na ce na shiga ɗakin ɗan'uwana. Ta dube ni har sai da na ji gumi yana bin bayana. Ta ce, "Ci gaba."

Na yi mata bayanin zafi da fanka. Ta tsuke baki ta ce, "Semisi ne ya ce a rufe ta. Na duba gidana kaf, ba ni da abin da ya fi wannan daraja. Yaro ya yi wata huɗu yana haɗa wa ɗan'uwansa abu, in rufe shi da tsumman tebur?"

Sai na gaya mata sauran. Abin da Lopeti ya ɗauka, da rigar da ya bayar, da Fasto, da waƙoƙin Baba. Yaya, na ga fuskar Gwaggo ta zube a gabana. Ta miƙe, ba takalmi, ba sanda, ta kama hanya. Mace mai shekara saba'in da ɗaya, sai da na haɗa da gudu na cim mata.

Ni a bakin ƙofa na tsaya, wurina na da. Ta shiga ba sallama. Ta sa haƙori ta kwance igiyar, ta warware zanen, ta ninke shi a hankali ta rungume a ƙirji. Sannan ta juyo kansa.

"Kai, ɗan ƙanena Sekope. Wa ya ce maka naka ne?"

Ba ta jira amsa ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina kwana a kan abin nan, sai kai daga zuwanka jiya ka ce za ka shige min? Layi ake bi, ni ce a gaba. Aro na ba wa injinka, ba kai ba. Kai aikinka shi ne ranar da aka naɗe ni a ciki, a turo ka da kekenka har bakin rami ka yi min kuka da ƙarfi, duk gari su ji. Kuma ban shirya ba tukuna, sai ka jira."

Na ji kukansa kamar na yaro. Ita ma muryarta ta karye, amma ba ta fasa faɗa ba. Ta ce a juyo da gadon, ta ce ɗakin yana wari, ta ce Mama ta kawo abinci tana tsaye har ya ci. Da za ta fita ta dube ni ta ce, "Ke kuma ban ji kin shiga ko'ina ba."

Jiya Asabar. Taniela ya ɗora na'urar a kan benci kusa da taga, tsirara. Na zauna a baranda da agogo a hannu, Mama tana gefena tana addu'a a hankali. Minti ashirin. Ashirin da biyar. Da ta kai arba'in Mama ta kama hannuna ta matse har ya yi ciwo.

Sai ga murya daga ɗaki. Wani cikin abokansa ya buge masa mota a kwana, Lopeti ya surfa masa ashar. Yaya, irin ashar ɗin da ban san akwai shi a harshenmu ba, ya haɗa da na Turanci, ya haɗa da kakan mutumin. A gidan da 'yar'uwarsa take. Mama ta toshe baki. Ni na tashi na koma gindin mangwaro kamar yadda ya kamata, amma har can ana ji. Na tsaya ina dariya, hawaye na zuba.

Ya gama awa guda cif. Na tara ya zo a cikin goma sha ɗaya, ya ce cuta aka yi masa, kuma sitiyarin da ka aiko yana ja hagu. Ya sa an je an roƙo rigarsa daga wurin ɗan Taniela. Ya ce ka kira shi yau bayan coci, yana da magana da kai a kan sitiyarin nan.

Ka kira, zai ɗauka. In ya tambaye ka ko na ji abin da ya faɗa jiya, ka ce ina bayan gida ina shanya, ban ji komai ba.

Ƙanwarka,
Lesieli